Bututun esin mota ya lalace bayan karo: a yi walda, a yi haɗi, ko a sayo wani?

Karon gaba, ko da ƙarami ne irin wanda ake yi kullum a cunkoson Nyanya da Mararaba ko a shataletalen Berger, ba kasafai yake barin esin mota lafiya ba. Dalilin yana cikin yadda aka jera kayan. Kwandensa, wato faifan da ke huce zafin gas ɗin esi, ita ce a sahun farko, tana bayan bamba, gaban lagireto, kuma bututun da ke shiga cikinta da wanda ke fita duk alminiyam ne marar kauri. Bamba ta ɗan shige ciki, ƙarfen da ke riƙe da lagireto ya ja baya kamar yatsa biyu, shi ke nan bututu ya lanƙwashe ko ya tsage. Wani lokaci nan take za ka ji iska na fita da ƙara, ka ga farin tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet. Wani lokaci kuma ba ka jin komai, sai bayan kwana uku ka lura iskar da ke fitowa ba ta da maraba da ta waje.

Wanda ya taɓa tsayawa a titin Kubwa da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu ya san esi a Abuja ba ado ba ne. Da damina ma shi ke share raɓar da ke rufe gilashi idan ana ruwa, ta yadda direba zai ga gabansa. Saboda haka gyaran dole ne. Abin da ke rikita mutane shi ne da zarar ka shiga Apo, matattarar makanikai a Abuja, da motar, shawara kala uku za ka ji daga mutum uku: wannan ya ce a ɗana masa walda, wancan ya ce a yanke a haɗa, na uku ya ce a aika kasuwar kayan mota ta Gudu ko Zuba a nemo tokumbo. Kowannensu yana da gaskiya a wani hali, kuma kowannensu na iya sa ka biya kuɗin gas sau biyu a wani halin.

Kafin a zaɓa, sai an san wane bututu ne ya lalace, domin su uku ne kuma wahalar da suke sha ba ɗaya ba ce. Akwai wanda ke tashi daga kwamfireso, wato na'urar da ke matsa gas tana tura shi, zuwa kwandensa. Shi ne mai zafi, kada ka taɓa shi idan mota na aiki, kuma shi ke ɗaukar matsi mafi yawa. A rana mai zafi geji kan nuna 200 zuwa 250 a ma'aunin psi a wannan ɓangare, idan fanka ta yi rauni ko kana tsaye a cunkoso ya zarce haka. Tayar ƙaramar mota 32 ko 35 ake ba ta, ka ga tazarar. Na biyu siriri ne kamar fensir, yana fita daga kwandensa ya nufi cikin mota, gas ɗin da ke cikinsa ya riga ya zama ruwa, shi ma yana ƙarƙashin matsi mai yawa amma ba ya jijjiga sosai. Na uku shi ne mai kauri, mai sanyi, wanda ke yin gumi, yana dawo da gas daga akwatin sanyi da ke bayan dashbod zuwa kwamfireso. Matsinsa kaɗan ne idan esi na aiki, wajen 30 zuwa 45, sai dai idan an kashe mota matsin ɓangarorin biyu yana daidaita, shi ma ya hau sama. Na farko da na uku suna da sashen roba, wato tiyo, saboda kwamfireso a jikin inji yake, inji kuwa yana rawa, jikin mota ba ya bin sa.

Akwai wani abu da ya kamata a yi tun ranar karon, kuma kusan kowa yana mantawa da shi. Mota takan kwana biyu, wani lokaci mako uku, a wurin mai buga jiki da mai fenti, bututu a buɗe. Man da ke cikin kwamfireso, irin wanda ake kira PAG, yana zuƙar danshin iska da sauri ƙwarai, kuma idan danshi ya haɗu da gas da wannan mai yakan haifar da sinadari mai cin ƙarfe daga ciki. Da hunturu ƙura ce ke shiga, a wurin fenti kuma garin da ake gogewa. Ka sa a toshe bakin bututun da na kwandensa da leda mai tsabta a ɗaure da roba tun kafin a fara buga jiki. Ba ya cin ko sisi, amma yana iya zama abin da zai ceci kwamfireso. Sannan kada a gyara esi sai mai buga jiki ya gama miƙar da gaban motar. Idan aka ɗaura bututu a kan ƙarfen da bai koma mazauninsa ba, za a ja shi da ƙarfi kafin noti ya kama, ya zauna a takure, wata biyu ya tsage a gindin mahaɗa.

Bari in kawar da gam tun da wuri. Za a samu wanda zai ce maka ramin ƙarami ne, a dama gam mai haɗi biyu a shafa, a naɗe da robar tsohon tayar keke. Ni ban yarda da wannan ba ko a bututun da ya fi kowanne sauƙin matsi. Alminiyam yana buɗewa idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, gam ba ya bin sa daidai, kuma mai yana tsatsowa ta ramin ya hana shi kamawa tun farko. Yana iya riƙewa har ka isa gida, ka ji daɗi, mako ya zagayo gas ya tafi. Kuɗin gam ba komai ba ne, kuɗin gas ɗin da ya bi iska shi ne asarar.

Walda ita ce aka fi yi, kuma ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Abin da masu esi ke kira walda a nan yawanci narka wani sanda ne mai saurin narkewa a kan bututun, ya malale ya cike tsagar, ba tare da shi bututun ya narke ba. Wahalar ita ce alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Ba ya ba da sanarwa. Mai walda na riƙe da wuta, yana ganin komai lafiya, sai kawai bututu ya rufta ya zama rami babba. Shi ya sa wanda ya ƙware a waldar ƙofa da salansa ba lallai ya iya wannan ba. Ka nemi wanda aikinsa ke nan, ka dubi wani bututu da ya riga ya yi wa wani. Aiki mai kyau yakan kwanta sumul ya zagaye wurin, marar kyau kuwa yakan taru dunƙule guda da ƙananan ramuka a samansa.

Inda walda ke da kyau shi ne ƙaramin rami ko gajeriyar tsaga a miƙaƙƙen sashe na bututu, nesa da tiyo, nesa da mahaɗa, kuma bututun bai lotse ba. A irin wannan hali, idan hannu mai kyau ya yi, tana iya kai wa ƙarshen rayuwar motar, kuma kana riƙe da bututunka na asali wanda ya dace da mazauninsa ɗari bisa ɗari. Wannan ba ƙaramar riba ba ce. Amma da sharuɗɗa. Dole a kwance bututun daga mota. Na sha ganin ana kunna wuta a cikin inji kusa da wayoyi da tiyon fetur don gudun wahalar kwancewa, abin yana ɗaga mini hankali duk lokacin da na gani. Bayan haɗarin gobara, ragowar gas idan ta haɗu da harshen wuta tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu. Dole kuma a wanke cikin bututun kafin wuta, domin man da ya rage yana ƙonewa ya zama baƙin gari, a sake wankewa bayan wuta, domin garin maganin walda da ɗigon sandan da ya zubo ciki za su bi gas su je su toshe ɗan bawul ɗin da ke fesa shi cikin akwatin sanyi. Hanyar wannan bawul ƙanƙanuwa ce, kuma a motoci da yawa isa gare shi aiki ne babba.

Inda walda ba ta dace ba ya fi yawa, musamman bayan karo. Karo ba huda kawai yake yi ba, murɗewa yake. Bututun da ya lanƙwashe ya matse, idan aka miƙar da shi, bangonsa ya riga ya yi rauni a wurin, kuma zafin wuta yana ƙara tausasa ƙarfen da ke gefen waldar. Za ka ga waldar kanta ta riƙe, amma sabuwar tsaga ta fito yatsa ɗaya daga gefenta. Idan kuma ba a miƙar da shi sosai ba, ya zama kamar tiyon ban ruwa da aka taka: abu na wucewa, amma ba yadda ya kamata ba. Esi zai yi sanyi da safe, da rana ya gaza, kwamfireso yana ta wahala. Haka nan idan tsagar tana kusa da inda aka matse tiyo da ƙarfe, zafi zai dafa robar daga ciki ko da an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Idan tana gindin mahaɗa inda zoben roba ke zama, wuta na iya gurɓata fuskar wurin, zoben ya daina rufewa. Bututun zafi na kwamfireso kuwa, wanda ya haɗa matsi da zafi da jijjiga, ni ba na son a yi masa walda sai idan an rasa wani.

Hanya ta biyu ita ce a yanke wurin da ya lalace a sa mahaɗi mai noti, wanda ke matse bakin bututu biyu da zoben roba a ciki, babu wuta. Idan an samu na ainihi wanda aka yi don esi, kuma girmansa ya yi daidai da bututun, hanya ce mai tsabta. Tana bukatar miƙaƙƙen wuri a kowane gefe, bututun ya kasance zagayayye bai lotse ba, a yanke shi da abin yankan bututu, ba da zarto ba, saboda garin zarto ciki yake zubawa. Amfaninta ya fi fitowa a motoci masu esin baya, irin su Sienna da Highlander da bas ɗin Hiace, inda dogayen bututu ke bi ta ƙarƙashin mota har baya. Canza irin wannan gaba ɗaya yana nufin kwance abubuwa da yawa, kuma samun tokumbonsa a miƙe ba tare da an lanƙwasa shi wajen lodi ba yana da wuya. Abin gudu shi ne mahaɗin famfo ko na bututun jan ƙarfe na firji. Jan ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Haka kuma guntun tiyon fetur da aka ɗaure da kilif a bakin biyu ba haɗi ba ne. Ba a yi wannan roba don ta riƙe gas ba, kuma kilif ba zai jure matsin ɓangaren zafi ba.

Idan sashen roba ne ya yage, ƙarafan da ke bakinsa biyu kuma lafiyarsu ƙalau, to a nan gyara ya fi saye a wurina. Masu matse tiyo suna yanke tsohuwar robar, su sa sabuwa, su matse ta da sabon zoben ƙarfe a inji. Kana riƙe da bakunan asali, robar kuma sabuwa ce fil, abin da tokumbo ba zai ba ka ba. Abu biyu za ka tsaya a kai. Robar ta zama ta esi, mai shimfiɗar leda a ciki da ke hana gas tsatsowa, domin tiyon haidirolik yana jure matsi amma gas na ratsa shi a hankali. Sannan a sa alama a kan yadda bakunan ke fuskantar juna kafin a yanke, in ba haka ba za a matse su a karkace, a zo ɗaurawa sai an murɗa tiyon.

Sai tokumbo, ko Beljiyam kamar yadda wasu ke cewa. Ga wanda ke da Corolla, ko Camry irin su Muscle da Big Daddy, ko Accord, samun bututu ba wahala ba ne a Apo da Gudu, idan ma babu, dillali zai sa a ɗoro daga Ladipo a Legas. Ƙarfinsa shi ne kayan kamfani ne na asali: kaurin ƙarfe daidai, lanƙwasa daidai, wurin ɗaura na'urar auna matsi da bakin cika gas duk suna inda ya kamata. Ga bututun da ya murɗe, ko ya karye a gindin mahaɗa, ko bututun zafi na kwamfireso, wannan ce hanyar da na fi natsuwa da ita.

Amma tokumbo yana da tarkonsa. Na farko, yawancinsa daga motocin da suka yi haɗari a waje aka ciro shi, saboda haka yana iya zuwa da irin ciwon da kake gudu. Ka bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ka duba inda ya goga da wani ƙarfe ya siranta, ka duba ƙarƙashin maɗaurai inda farin gari ke taruwa, alamar ƙarfe ya fara ci, musamman kayan da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka lanƙwasa robar kaɗan ka ga ko ta yi tsattsage, ka duba inda aka matse ta ko akwai baƙin maiƙo da ya kama ƙura, wannan shaidar tsohon yoyo ce. Wasu kuma an riga an yi musu walda an goge an fesa fenti mai ruwan azurfa. Na biyu, ya daɗe a rataye a shago baki buɗe, don haka sai an wanke cikinsa an busar kafin ya hau mota. Na uku, kama da wane ba ta wane. Camry mai silinda huɗu da mai shida ba bututu ɗaya suke amfani da shi ba. Motar da aka yi don kasuwar Amurka da wadda aka yi don Turai ko Dubai suna iya bambanta. Kayan da aka ciro daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama kuwa, inda bututu ke ratsa bango ya shiga cikin mota yakan sauya gefe, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Maganin duk wannan ɗaya ne: ka je da tsohon bututun a hannu, a jera su gefe da gefe. Idan mai shago ya ce, "Oga, ai ɗan lanƙwasawa kawai za a yi ya shiga," ka ce ya nemo wani. Ka kuma yi magana da shi tun kafin ka biya cewa idan gwaji ya nuna yoyo za ka dawo da shi, ya rubuta a rasit.

Sabo kashi biyu ne. Na kamfanin motar, a ledarsa da lambarsa, babu abin da ya kai shi, sai dai tsada da jira. Idan motar sabuwa ce, ko tana ƙarƙashin garanti, ko inshora ce za ta biya, kada ka tsaya ciniki da kanka, shi za ka sa. Kashi na biyu shi ne sabo marar suna mai araha. A cikinsa akwai mai kyau, amma an fi samun matsala a wurin matse roba da kuma lanƙwasar da ba ta zauna daidai ba. Tsakanin sabo marar suna da tokumbo na asali mai lafiya, ni tokumbon zan ɗauka, sai dai idan robarsa ta tsufa.

Tunda maganar inshora ta shigo, wanda zai biya yana canza lissafi. Inshorar dole da yawancinmu ke yanka, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ba ta gyara motar mai ita. Motar wanda ka buga take gyarawa, har zuwa Naira miliyan 3. Ma'ana idan wani ne ya buge ka kuma takardarsa ta gaske ce, akwai hanyar neman haƙƙinka. A aikace dai yawanci a bakin titi ake sasantawa, a ce "a kai gareji, zan gyara." A nan ake cutuwa, domin ido yana kan bamba da fitila, ba wanda ya tuna da esi sai an rabu. Ka kunna shi a gaban mutumin. Idan za a yi lissafi, a sa bututu da gas da man kwamfireso da draya mai tsotse danshi da kuɗin aiki. Wanda ke biya daga aljihunsa zai so a yi walda mafi araha, kai kuma kai za ka zauna da motar. Babu rashin mutunci a ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan bututun canzawa za a yi."

Kada kuma a manta da kwandensa kanta. Sau da yawa bututu ne ake gani saboda shi ya fito fili, alhali ita ma ta samu rauni. Ta motocin yanzu tana da ƙananan hanyoyi sirara ƙwarai a jere, waɗanda ba sa waldawa da kyau kuma ba sa wankuwa idan datti ya shiga. Idan ta lanƙwashe ko ta huje a tsakiya, canza ta za a yi. A duba fanka ma, domin karo yakan fasa fikafikanta ko ya tsinke wayarta, kuma fankar da ba ta juyawa tana sa matsi ya hau har ya nemi wuri mafi rauni, wato daidai inda aka yi gyara.

Duk hanyar da ka bi, aikin da ke biyo bayan ɗaura bututu shi ke nuna ko kuɗinka zai zauna. A nan ne nake ganin an fi yi wa masu mota sakaci, kuma abin yana ba ni takaici saboda ba wani aiki mai wuya ba ne. Zoben roba na kowace mahaɗa da aka kwance sabo za a sa, irin na esi, yawanci kore, a shafa masa ɗan man kwamfireso. Draya, wato abin da ke tsotse danshi, idan esi ya kwana a buɗe ta riga ta ƙoshi, canza ta za a yi. A wasu motoci gwangwani ce daban, a wasu kuma 'yar jaka ce a gefen kwandensa. Daga nan a gwada da iskar naitirojin a bi mahaɗai da wurin gyara da ruwan sabulu. A nan ina roƙonka ka buɗe ido: kada ka yarda a gwada da tukunyar oksijin ta mai walda don ita ce a kusa. Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi fashewa suke yi, kuma mutumin da ke tsugune a gaban motar shi zai fara samu. Iskar mai faci ma danshi take turawa ciki.

Bayan gwaji sai a sa injin zuƙe iska ya yi aƙalla minti 30, a rufe geji a jira kamar minti 15 a ga ko allura za ta motsa. Wannan zuƙar ce ke fitar da iska da danshi. Abin da wasu ke yi, su buɗe gas ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan su ce sun kore iska, ba ya fitar da danshi, ɓarnar gas ce kawai. Danshin da ya rage yana daskarewa a bakin bawul, shi ya sa za ka ga esi ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ka kunna ya dawo. Sai mai. Bututun da ya fashe farat ɗaya yana fita da wani kaso na man kwamfireso, dole a mayar da gwargwadonsa, ba a cika shi fiye da kima ba. Idan motarka mai haɗin lantarki ce, irin Prius ko Camry Hybrid, kwamfiresonta na lantarki ne kuma mansa daban ne, wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Zuba masa man PAG na iya jawo matsalar da ta fi ta esi girma.

Gas kuwa da awo ake sa shi. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas da nauyinsa, a yawancin ƙananan motoci tsakanin giram 400 da 700. Mai aiki da sikeli ya fi mai taɓa bututu ya ce "ya yi." Idan ya yi kaɗan, mai ba ya zagayawa yadda ya kamata, kwamfireso ya ci kansa. Idan ya yi yawa, matsi ya hau, sanyi ya ragu. Yawancin motocin da ke titunan Abuja R134a suke sha, wanda ya maye gurbin R12 a shekarun 1990. Sababbi kuma, musamman na Turai daga 2017 da na Amurka na 'yan shekarun nan, R1234yf ne, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma bakin cika shi daban ne. Ga mai irin wannan mota, gyaran da zai iya sake yoyo caca ce mai tsada, don haka canza bututu ya fi. Ka kuma ga gwangwani ko tukunyar da za a zuba maka da idonka. Gas ɗin firji R600a yana kama wuta, R22 na esin ɗaki kuma matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota.

Idan aka haɗa lissafin, bambancin kuɗi tsakanin walda da tokumbo sau da yawa bai kai kuɗin sake cika gas da sake biyan aiki ba. Shi ya sa nake auna abin da tambaya ɗaya: idan wannan gyaran ya gaza, me zan sake biya? Ga direban tasi mai Corolla da ƙaramin rami a miƙaƙƙen siririn bututu, walda a hannun gwani ta wadatar, ya koma aiki a ranar. Ga wanda robarsa ce kawai ta yage, a matse sabuwa. Ga mai Sienna da dogon bututun baya ya samu rauni wuri ɗaya, mahaɗi mai noti. Bututun da ya murɗe, ko ya karye a gindi, ko na zafi, a nemo tokumbo da tsohon a hannu. Mota sabuwa ko mai sabon gas, na kamfani.

Kafin ka bar gareji, a tabbatar an mayar da duk maɗauran da ke riƙe bututu a jikin mota, da robobinsu, kuma babu inda yake taɓa wani ƙarfe ko bel. Masu buga jiki suna yawan yar da waɗannan ƙananan maɗaurai, bututun da aka bari yana lilo kuwa ramukan hanyar Karshi ko ta cikin Lugbe za su gama da shi komai kyan gyaran. Ka sa a goge wurin da aka yi aiki tas, ya bushe. Bayan mako biyu ka buɗe bonet ka duba: idan ka ga maiƙo ya kama ƙura a mahaɗa ko a kan waldar, ka koma wurin mai gyaran tun gas bai ƙare ba, kuma ka daina kunna esin har a duba.